Matakala Uku

Makarantar da ke bayan kasuwar kifi a Mai Wurno
matakalarta uku ce.
Na ƙirga su tun ina ɗan shekara bakwai,
ranar da Babana ya dube su, ya dubi ƙafafuna,
ya ce mu koma gida, Tanimu,
karatu ba ɗaya ba ne.
Sai na koyi gyaran rediyo.

A can suke ajiye akwatin zaɓe.

Wancan karon, samari biyu suka ɗauke ni
kamar buhun dawa daga kan karo,
ɗaya ya riƙe hammata, ɗaya ya riƙe abin da ya samu.
Rigata ta tattare har ƙirji.
Mata na layi, suka kawar da kai,
kawar da kan ma ya fi kallon ciwo.
Teburin ya fi ni tsawo.
Wani mai tabarau ya sunkuyo ya ce da ƙarfi,
wa kake so? Faɗa mini in taimake ka.
Na faɗa.
Kafin la'asar, har mai sayar da shayi ya sani.

Bana ban jira taimako ba.
Daren jajibere na murza kekena zuwa bakin Bahar,
inda tsohon kwalekwalen Ɗanjuma ke kife,
shekara biyu yana shan rana.
Ɗanjuma kurma ne, ba ma ɓata baki.
Na nuna masa uku da yatsu, na kwantar da tafin hannu.
Ya yi dariya, ya ɗauko guduma.
Katako huɗu, ƙusa goma sha ɗaya,
biyu daga cikinsu mun miƙe su da dutse.

Da safe, Inna Kande ce ta fara hawa.
Ba ta gani tun shekarar ambaliya,
sandarta ta taɓa itacen, ta tsaya,
ta ce wannan warin kifi ne ko hancina ya tsufa?
Jikarta Asabe na riƙe da gefen mayafinta.
Mai tabarau ya miƙo hannu zai karɓi takardar.
Inna ta ce a'a, ɗana,
idona na nan, ga ta, na raine ta da kunun gero.
Suka shiga bayan labule su biyu.
Abin da aka raɗa a ciki
bai fito ba har yau.

Ni kuma na hau.
Katakon ya yi ƙara, taya ta zame, na ja da baya,
na sake murzawa.
Ba wanda ya taɓa ni.
Wallahi ba wanda ya taɓa ni.

Teburin dai yana nan da tsawonsa.
Malama Sakina ta dube shi, ta dube ni,
ta fita ba ta ce komai ba,
ta dawo da bencin 'yan aji ɗaya,
an sassaƙa sunan wani yaro a kansa da reza.
A kan bencin da ban taɓa zama ba
na shimfiɗa takardata.
Na daɗe.
Na karanta kowane suna, har waɗanda ba na so,
don dai in ji daɗin daɗewar.
Sannan na naɗe ta biyu, na naɗe ta huɗu.

Tawadar ta yi kwana tara a yatsana.
Ina riƙe da dalma ina leƙen ta.
Mai shayi ya tambaye ni wa na zaɓa,
na ce ƙara mini sukari.

Wanda na zaɓa bai ci ba, in kana son sani.

Ɗanjuma ya zo jiya yana neman katakonsa,
wai zai rufe ɗakin awaki.
Muka je tare da hantsi.
Wata yarinya ce a kai, da sanduna biyu a hammata,
jakar littattafai na lilo a wuyanta,
tana hawa a hankali, tana cizon leɓe.
Ɗanjuma ya tsaya ya soshe ƙeya.
Awakinsa dai har yanzu a waje suke kwana.